Kwana Takwas a Iqaluit, Babban Birnin Ƙasar Inuit

Na bar Kano a watan Janairu na 2024, hunturu yana tsakiyarsa, na bi ta Addis Ababa zuwa Toronto, daga nan jirgin ƙasa ya kai ni Otawa, babban birnin Kanada, inda zan yi wata uku ina nazarin yadda Kanada take raba iko da kuɗi tsakanin gwamnatin tarayya da lardunanta. Ban yi niyyar wuce ɗakin karatu da masaukina ba. Sai dai kowace takarda na buɗe sai na ci karo da sunan Nunavut, yankin mutanen Inuit da ke can arewacin Kanada, musamman da yake a ranar 18 ga wannan watan ne Firayim Minista na lokacin, Justin Trudeau, ya je can ya sa hannu a kan yarjejeniyar miƙa wa yankin ikon kula da filayensa da ma'adinansa. A nan ne na tuna da wani abokina da muka yi karatu tare a Zariya, wanda ya shekara shida yana aikin akanta a birnin Iqaluit. Da na kira shi, bai bari na gama bayani ba ya ce, "Malam, abin da kake nema ba ya cikin takarda. Ka zo, akwai wurin kwana, amma ka nemi kayan sanyi na gaske kafin ka taso."

Abin da ya fara girgiza ni shi ne kuɗin jirgi. Tafiyar awa uku ce, tsawon kilomita dubu biyu da ɗoriya, kuma duk a cikin ƙasa ɗaya, amma na biya dalar Kanada 1,900 zuwa da dawowa. Babu wata hanyar da mutum zai bi ya rage kuɗin, domin babu titin mota ko na jirgin ƙasa da ya haɗa Nunavut da sauran Kanada, kuma babu titin da ya haɗa garuruwanta 25 da juna. Wani malami a jami'ar da ta karɓe ni ya ara mini babbar rigar sanyi mai hula da takalma masu nauyi, na sayi safar hannu kala biyu, ta ciki da ta waje.

A farkon watan Maris, ana saura kwanaki kaɗan a ɗauki azumi, na isa filin jirgin Otawa da asuba. Layin masu zuwa Iqaluit daban yake da kowane layi a wurin. Kusan kowa yana tura manyan akwatunan roba da aka naɗe da salatif, kuma da aka buɗe na wata mata da ke gabana don a rage nauyi, sai na ga nama daskararre, da garin fulawa, da sabulun wanki, da kunzugun jarirai. Ta goya ɗanta a cikin wata farar riga mai faffaɗar hula, yaron yana leƙowa ta kafaɗarta. Daga baya na san sunan rigar amauti. Goyo ne irin namu, sai dai maimakon zani, rigar ce da kanta take riƙe da yaro a jikin uwarsa don ɗuminta ya ratsa shi. Binciken jami'an tsaro bai ɗauki minti biyar ba, kuma shi ne shinge na farko da na ƙarshe da na gani a duk tafiyar.

Bayan mun yi kamar awa ɗaya a sama, itatuwa suka fara raguwa har suka ƙare ƙaf, ya rage fari kawai, ba gona, ba hanya, ba hayaƙin gari. Girman Nunavut ya kai murabba'in kilomita miliyan biyu, wato ya ninka Nijeriya sau biyu da 'yan kai, amma ƙidayar 2021 ta samu mutum 36,858 ne kacal a cikinta. Unguwa ɗaya a Kano ta fi su yawa. Muka sauka a kan doguwar hanyar jirgi wadda asalinta sojojin Amurka ne suka fara ginawa a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a kewayen wannan sansanin ne garin ya tsiro. Ana buɗe ƙofa, sanyin digiri 28 ƙasa da sifiri ya shiga hancina, na ji gashin cikinsa ya sandare nan take, numfashin farko kuma ya tsaya mini a ƙirji har sai da na yi tari. Duk abin da muke kira sanyi a Jos ko a Funtuwa cikin watan Disamba, ba danginsu ɗaya da wannan ba.

Abokina yana jirana a cikin sabon ginin filin jirgin da aka buɗe a 2017. Muka shiga tasi, direban ɗan Eritiriya ne, kuma tsarin ya yi kama da na motocin hayarmu: kuɗi ɗaya ne ko'ina za ka je a cikin gari, kusan dala tara kowane mutum a lokacin, kuma direba yana tsayawa ya ɗauki wasu a hanya. Ba a faɗin sunan titi, lambar gida kawai ake faɗa, direbobin sun haddace su duka. Sunan garin, in ji abokina, yana nufin wuri mai yawan kifi, kuma harafin q ɗin ana furta shi daga maƙogwaro kamar ƙaf na Larabci. Har zuwa 1987 sunan wani Bature mai yawon teku, Frobisher, garin yake ɗauke da shi. Babu fitilar ba da hannu ko ɗaya a kan titi, babu bishiya ko ɗaya, gidaje kuwa duk a kan ƙafafun ƙarfe suke tsaye kamar rumbunan da aka ɗaga daga ƙasa, saboda ƙasar wurin a daskare take shekara da shekaru, idan ɗumin gida ya taɓa ta sai ta narke ginin ya karkace.

Rubutun da ke kan allunan hanya ya ɗauki hankalina tun daga ranar farko. Haruffan Inuktitut ne, harshen Inuit, masu siffar kusurwa da ƙugiya, waɗanda 'yan mishan suka kawo a ƙarni na 19. Wasula uku ne a harshen, a da i da u, kuma harafi ɗaya ne yake juya fuskarsa ya ba da kowanne. Wanda ya yi makarantar allo, ya san wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a, ba zai sha wahalar gane hikimar ba.

Masaukin abokina ɗaki biyu ne da falo, ma'aikatarsa ce take biyan wani kaso na hayar, kuma ya ce ba don haka ba da albashin bai kai ko'ina ba. Da otal na sauka, da na biya abin da ya haura dala 250 kowane dare. Unguwarsu ba ta cikin waɗanda bututun ruwa ya kai gare su, don haka tanka ce take kawo ruwa ta cika tankin cikin gida, wata tankar kuma ta zo ta zuƙe na bayan gida. Akwai wani jan ƙwan lantarki a jikin bango ta waje da yake nuna wa direba ko tanki a cike yake. Ya gargaɗe ni da in taƙaita wanka, domin idan guguwa ta hana motoci fita, abin da ke cikin tanki shi ke nan. Ya ba ni labarin watan Oktoba na 2021, lokacin da aka gano mai ya gurɓata ruwan garin, aka hana sha kusan wata biyu, mutane suna zuwa kogin Sylvia Grinnell da jarkoki. Ban taɓa zaton zan zo babban birni a ɗaya daga cikin ƙasashe mafi arziki a duniya in tarar da zancen ruwa yana cin ran mutane kamar yadda yake cin namu a lokacin da 'yan garuwa suka ƙara kuɗi ba.

Washegari muka shiga babban kantin garin, a nan na gane dalilin akwatunan robar Otawa. Kabeji guda ɗaya dala 12, babbar kwalbar ruwan lemo dala 17, fakitin kunzugu ya haura dala 60. Duk wani abu mai lalacewa jirgin sama ne yake kawo shi. Kaya masu nauyi kuwa, tun daga mota da katako har man da injinan wutar lantarki suke sha, jiragen ruwa ne suke kawowa a 'yan watannin da teku ya narke, daga Yuli zuwa wajen Oktoba. Mai hali yakan yi odar shinkafa da fulawa da man girki na shekara guda a lokacin, ya cika ɗakin ajiya kamar yadda manomi yake cika rumbu da kaka. Marar hali kuwa, wanda shi ne mafi yawa a cikin 'yan ƙasa, dole ya sayi kaɗan-kaɗan a wannan farashi. Tun 2011 gwamnatin tarayya take biyan tallafin jigilar abinci, amma 'yan kasuwa ake ba kuɗin, kuma mutane da yawa da na zanta da su ba su yarda cewa duka yana isowa ga mai saye ba. A bakin ƙofar kantin na ga wani dattijo yana ƙirga sulalla a tafin hannunsa, ya daɗe yana ƙirgawa, sannan ya juya ya fita bai shiga ba.

Ranar Laraba na je Majalisar Dokoki, wadda ita ce ainihin abin da ya kawo ni. A bakin ginin tutar yankin tana kaɗawa, rawaya da fari, da jan inuksuk a tsakiya, wato tarin duwatsun da ake jerawa don nuna wa matafiyi hanya, da shuɗin tauraron arewa a gefe. Na rubuta sunana a littafin baƙi, aka ba ni abin sauraren fassara na sawa a kunne, na zauna a wurin 'yan kallo. Zauren a zagaye yake, babu ɓangaren gwamnati da na 'yan hamayya suna fuskantar juna. Kujerun an lulluɓe su da fatar nattiq, wata dabbar teku mai kama da ayu, a tsakiyar zauren kuma an ajiye qamutiik, amalanken katako marar taya da ake ja a kan ƙanƙara. Sandar majalisa an yi ta ne da hauren wata dabbar teku mai haure ɗaya dogo. A bayan wakilai akwai kujerun da aka keɓe wa dattawa, ba su da ƙuri'a, amma duk mai magana ya san suna jinsa.

Wakilai 22 ne, kuma babu jam'iyya ko ɗaya. Kowa da sunansa yake tsayawa takara a mazaɓarsa, bayan zaɓe sai su taru su zaɓi shugaban majalisa da Firimiya, wato shugaban gwamnatin yankin, da ministoci a cikinsu ta ƙuri'ar sirri. Da yake wakilan da ba ministoci ba sun fi yawa, gwamnati ba ta iya zartar da komai sai ta shawo kansu. Na yi awa biyu ina sauraren tambayoyi a kan gidaje da asibitocin ƙauyuka, wasu da Inuktitut wasu da Ingilishi, ban ji an katse wani ba, ban ji an ɗaga murya ba, duk da cewa tambayoyin masu zafi ne. Ba zan ce tsarin ba shi da aibu ba. Wani ma'aikaci ya gaya mini cewa rashin jam'iyya yana sa mai zaɓe bai san irin gwamnatin da ƙuri'arsa za ta haifar ba. Amma a ganina, mutanen da suka ɗauki majalisar Bature suka zaunar da ita a kan al'adarsu ta shawara sun yi abin da ya cancanci a tsaya a duba da kyau.

Ba a rana ɗaya aka kai nan ba, kuma ba da bindiga ba. A 1971 matasan Inuit suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa ƙarƙashin jagorancin Tagak Curley, a 1976 suka gabatar wa Otawa buƙatar yanki nasu. A 1982 aka yi ƙuri'ar raba gardama a kan raba Yankin Arewa maso Yamma, wanda ƙasar tasu take cikinsa a lokacin, a 1993 aka sa hannu a kan yarjejeniyar ƙasa, sannan a ranar 1 ga Afrilu 1999 Nunavut ta tabbata, Paul Okalik ya zama Firimiya na farko. Ma'anar sunan ita ce "ƙasarmu". Yarjejeniyar ta mallaka wa Inuit fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 350,000, da ma'adinan da ke ƙarƙashin kusan kashi ɗaya cikin goma na wannan filin, da diyyar dala biliyan 1.1 da 'yan kai, su kuma suka sarayar da iƙirarinsu a kan sauran ƙasar. Gwamnatin ta kowa ce, baƙo da ɗan gida duk suna zaɓe, sai dai da yake Inuit sun kai kusan kashi 85 cikin ɗari, muryarsu ce take rinjaye. Haƙƙoƙin yarjejeniyar kuwa wata ƙungiya ce daban, Nunavut Tunngavik, take tsare su.

Ranar Juma'a muka tafi masallaci, wanda yake a gefen gari a kan wani titi da ake wa laƙabi da Hanyar da Ba Ta Zuwa Ko'ina, saboda a cikin duwatsu take ƙarewa. An buɗe shi a watan Fabrairu na 2016. A sahu na ga 'yan Pakistan da Somaliya da Maroko da Senegal, likitoci da direbobi da injiniyoyi, kowa ya tuɓe takalman ƙanƙara ya tara su a zaure. Bayan salla aka yi ta zancen azumi, suna murnar cewa bana ya faɗo a lokacin da dare da rana suka kusa daidaita, domin a watan Yuni rana takan yi sama da awa 20 ba ta faɗi ba, har wasu su bi lokutan Otawa, wasu na Makka. A masallacin ne kuma ake raba kayan abinci ga mabuƙata, waɗanda galibinsu Inuit ne Kiristoci, ba a tambayar kowa addininsa.

Ziyarar da ta fi zauna mini a rai ita ce ta yammacin wannan ranar. Wata abokiyar aikin mai masaukina, 'yar Inuit, ta gayyace mu gidan mahaifiyarta a Apex, wata 'yar unguwa mai nisan kilomita biyar daga tsakiyar gari, inda tsofaffin fararen gine-ginen kamfanin cinikin fata na Hudson's Bay suke tsaye a bakin teku. Ba a ƙwanƙwasa ƙofa, shiga kawai ake yi a tuɓe takalmi. Gidan ɗaki uku ne, mutum goma sha ɗaya suke kwana a ciki, har da katifu a jingine a bangon falo. Wannan cunkoso, in ji ɗiyar, shi ne abin da yake hana tarin fuka ƙarewa a yankin, shi ya sa gwamnati ta ɗauki alkawarin gina gidaje 3,000 kafin 2030.

Tsohuwar ba ta jin Ingilishi sosai, ɗiyarta ce take mana tafinta. Na durƙusa na gaishe ta kamar yadda zan gai da kakata, ta yi dariya ta kama hannuna biyu ta ce tunngasugit, wato barka da zuwa. Da na tambaye ta ko zan iya rubuta abin da za ta faɗa, ba ta ce komai ba, sai ta ɗaga gira. Na sake tambaya, sai ɗiyar ta ce ai ta riga ta amsa: ɗaga gira shi ne i, yatsine hanci shi ne a'a. Ta jawo qulliq, fitilar dutse mai siffar rabin wata, ta zuba mai, ta jera lagwanin audugar daji a gefen, ta kunna, sannan ta riƙa daidaita harshen wutar da ɗan tsinke a hankali har ya zama layi ɗaya miƙaƙƙe ba hayaƙi. Ta ce da wannan fitilar uwarta ta dafa abinci, ta busar da tufafi, ta ɗumama ɗakin ƙanƙarar da aka haife ta a ciki.

Aka shimfiɗa kwali a ƙasa, aka ɗora daskararren kifi da naman tuktu, wata dabba dangin barewa mai ƙaho mai rassa, da maktaaq, wato fatar babbar dabbar teku haɗe da kitsenta. Kowa ya zauna a ƙasa ya kewaye, mata suna yanka da ulu, wuƙa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Da yake a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke cikin teku halal ne, na ci kifin da maktaaq, na bar naman dajin, kuma babu wanda ya ga laifina. Kifin yana narkewa a baki, ba ƙarni, bayan ɗan lokaci kuma na ji ɗumi yana tasowa daga cikina. Wata yarinya 'yar shekara huɗu ta zo ta faɗa jikin tsohuwar, sai na ji tana kiranta anaana, wato uwa. Aka bayyana mini cewa sunan mahaifiyar tsohuwar aka sa wa yarinyar, saboda haka uwa ce a wurinta, kuma da girmamawar uwa take mata magana. Na ce musu mu ma haka muke yi, shi ya sa gidajenmu suke cike da su Ummi da Abba da Baffa, tsohuwar ta sa aka maimaita mata wannan bayani sau biyu.

Daga nan ta aika aka ɗauko wani ƙaramin gwangwani, ta fito da wani abu mai kama da kwabo mai huji, ja-ja, da igiya a jiki. A gefe ɗaya tambarin kambin sarauta, a ɗaya gefen harafin E da lambobi. Ta ce wannan ne sunanta a wurin gwamnati tun tana jaririya, domin jami'an Turawa, waɗanda suke kira qallunaat, sun ce sunayen Inuit suna da wuyar rubutawa. Sai a wajen 1970 aka bi gari-gari aka rubuta wa mutane sunayen dangi, aikin da wani ɗan Inuit, Abe Okpik, ya jagoranta. Ta faɗi yadda jirgin ruwan gwamnati ya tafi da mahaifinta kudu don jinyar tarin fuka, bai dawo ba, kuma aka shafe shekaru ba wanda ya gaya musu inda aka binne shi. Ta faɗi yadda aka harbe karnukan mijinta bayan sun tare a gari, mutumin da ya saba ciyar da gidaje uku da farauta ya wayi gari ba shi da abin hawa. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba, tana magana tana gyara wutar fitila. Gwamnatin Kanada ta nemi gafara a kan al'amarin tarin fuka da na karnukan a 2019, kamar yadda ta nema a 2010 a kan iyalan da ta kwasa a 1953 da 1955 daga Inukjuak ta kai su Resolute da Grise Fiord, can ƙurewar arewa, inda rana take ɓacewa na watanni. John Amagoalik, wanda ake kira uban Nunavut, yana yaro aka kwashe shi a wannan tafiya, Firimiyan da na gani a majalisa kuma, P.J. Akeeagok, a Grise Fiord ya tashi. Sai da na ji wannan a bakin wadda abin ya shafa na fahimci dalilin da ya sa mutane suka jure shekara ashirin da uku suna zaman tattaunawa.

A hanyar dawowa ɗiyar ta yi mini maganar da ba ta cikin jawaban bukukuwa. Ta ce sashe na 23 na yarjejeniyar ya tanadi cewa yawan Inuit a aikin gwamnati ya dace da yawansu a ƙasa, amma bayan shekara 25 kusan rabi ne kawai, kuma yawanci a ƙananan muƙamai. Ta ce 'ya'yanta da Inuktitut suka fara makaranta, amma kafin su gama firamare komai ya koma Ingilishi saboda ƙarancin malamai, dokar 2020 kuma ta ɗage cikar alkawarin koyarwa da harshen zuwa 2039, har Nunavut Tunngavik ta kai gwamnatin Nunavut ɗin kanta kotu a 2021. Ta ce kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin gwamnatinsu daga Otawa yake zuwa. Ta yi shiru, sannan ta ƙara da cewa babu gidan da ta sani wanda bai rasa matashi ta hanyar kashe kai ba. Abokina ya sunkuyar da kai, domin shi ma yana cikin baƙin da suke riƙe da kujerun da take magana a kai, kuma ya gaya mini da dare cewa aikin da ya fi ba muhimmanci shi ne horar da samari biyu 'yan ƙasa da ke ƙarƙashinsa. Ni kuwa zancen kason tarayya da na harshen koyarwa ba baƙo ba ne a kunnena.

Ranar Asabar ƙanen ɗiyar tsohuwar ya ɗauke ni zuwa kan teku. Na zauna a cikin akwatin qamutiik a kan fatar tuktu, shi kuma yana ja da babur ɗin ƙanƙara. Bakin gaɓar cike yake da manyan ɓaraguzan ƙanƙara, domin ruwan wurin yana hawa da sauka har kusan mita goma sau biyu a rana, yana farfasa abin da ya daskare. Muka wuce garken karnukan da aka ɗaure a kan ƙanƙara, muka yi tafiyar kusan awa ɗaya har gari ya ɓace. Da ya kashe injin, shirun da ya sauko ban taɓa jin irinsa ba, ko a dajin da ya fi kowane nisa da gari. Yana cikin nuna mini yadda ake gane ramin numfashin nattiq, sai ya dubi fuskata, ya cire safar hannunsa da sauri, ya ɗora tafinsa a kumatuna ya riƙe. Ashe wurin ya fara yin fari, alamar sanyi ya fara cin fata, ni kuwa ban ji komai ba. Ya ce a nan kowa fuskar ɗan'uwansa yake tsaro, tun da ba ya ganin tasa.

Muna shan shayi ya yi mini lissafin farauta: babur, da mai, da harsashi, da gyara, duk kuɗi ne masu yawa, kuma tun da Tarayyar Turai ta hana shigar da kayan fatar nattiq a 2009 kasuwar ta faɗi, duk da an ce an keɓe Inuit daga haramcin. Ya ce teku yana makara wajen daskarewa fiye da zamanin mahaifinsa, hanyoyin da aka gada kuma ba duka ake amincewa da su ba yanzu. Amma duk abin da ya kamo, sai ya fara kai wa dattawa da matan da ba su da maharbi, sauran ya sanar a Facebook kowa ya zo ya ɗiba. Ranar ba mu samu komai ba. Da dare sararin sama ya cika da koren haske mai motsi kamar labulen da iska take kaɗawa, suna kiransa aqsarniit, na tsaya a ƙofar gida ina tasbihi har sanyi ya kore ni ciki.

Ranar Lahadi ya kamata in koma, amma tun da hantsi iska ta taso da dusar ƙanƙara har ba a ganin gidan da ke tsallaken titi. Aka soke jirgi, tasi suka daina fita, tankar ruwa ma ba ta zo ba, muka koma alwala da kofi ɗaya. A daren aka sanar da kamawar watan Ramadan, saboda haka sahur ɗina na farko a Iqaluit na yi shi, da shinkafa da ragowar kifin da tsohuwar ta sa aka naɗe mana. Sai ranar Talata gari ya washe. A filin jirgi na tarar da ɗiyar tana jirana da wani ƙunshi daga mahaifiyarta: safar hannu ta fatar nattiq, ɗinkin hannu, wadda ta auna da idonta tun ranar da ta kama hannuna. Na ce ta isar mini da nakurmiik, kalmar godiyar da na koya. Akwatunan robar da suka zo cike suna komawa kudu a wofi, an cusa su cikin juna, na bi bayansu zuwa jirgi da safar a hannuna.